Yadda za ka gano ko maimaitattun sassan DNA sun farka a tayin ɓera

Duk ɗalibin da aka turo wurina don ya koyi wannan aiki, abin da nake fara miƙa masa shi ne takarda da biro, in ce ya zana mini jadawalin awoyi na kwana shida. Wasu sukan ɓata rai, don sun zo ne da ɗokin leƙa madubin ƙara girma. Amma abin da muke farauta, wato farkawar maimaitattun sassan DNA, ba ya daɗewa. Yana tasowa ne na 'yan awoyi, lokacin da tayin ɓera yake da tantani biyu kacal, sannan ya lafa. Wanda ya makara da rabin yini zai dawo ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Bari in fara da abin da ake nema, ƙanina, don kada hannunka ya riga kanka. Kundin gadon ɓera yana da haruffa kusan biliyan 2.7, kuma sassan da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 ragowar wasu sassa ne masu kwafar kansu su sake zama a wani wuri, dangin waɗanda Barbara McClintock ta fara ganowa a masara, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 1983. Shekaru da dama ana kiran irin wannan DNA tarkace. A tantanin babban ɓera galibinsu a kulle suke, an ɗaure su tamau ba a karanta su. To da maniyyi ya shiga ƙwai, sai ɗaurin ya sassauta, enzayim mai kwafar DNA zuwa RNA ya hau kansu. Farkawar ke nan, kuma wannan RNA, wato kwafin da ake fitarwa idan an karanta DNA, ita za ka nema.

Iyali uku ne za su fi cin lokacinka. Na farko MERVL, ragowar wata tsohuwar ƙwayar bairos da ta zauna a kundin ɓera, akwai cikakkunta ɗaruruwa da guntayen kawunanta dubbai. Na biyu LINE-1, wanda shi kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kundin. Na uku, wanda na fi ƙauna, shi ne babban satalait: jimla guda mai haruffa 234, cike da A da T, da aka jera ta dubun dubatar sau a gefen ƙugun kuromosom. Idan ka rina tantanin ɓera da DAPI, rinin da ke kama DNA, ka ga ɗigo-ɗigo masu haske a cibiyarsa, su ne suka taru. A tayi mai tantani ɗaya ba haka suke ba, zobe suke yi a kewayen wasu ƙwallaye na cikin cibiya, sai wajen ƙarshen matakin tantani biyu suke fara dunƙulewa. A 2010 Aline Probst da abokan aikinta a ɗakin binciken Geneviève Almouzni na Cibiyar Curie da ke Faris suka nuna cewa wannan dunƙulewa tana tafiya ne tare da ɓarkewar kwafar satalait ɗin zuwa RNA, kuma idan aka tare RNA ɗin tayin yakan tsaya cak. Tun ranar da na fahimci wannan ban ƙara furta kalmar tarkace ba.

Agogo da ɓeraye

Kafin komai, sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji na cibiyarka ya amince da aikin a rubuce, kuma wani ƙwararre ya koya maka riƙe ɓera da kashe shi ba tare da azabtarwa ba. Wannan ba cika takarda ba ne kawai. Rai ne aka ba ka amana, don haka ka lissafa adadin tayin da kake buƙata tun farko, kada ka kashe ko guda fiye da kima.

Ka nemi matan ɓera 'yan sati uku zuwa huɗu, ko kuma balagaggu 'yan sati shida zuwa takwas. Na fi son ruwa-biyu, wato 'ya'yan C57BL/6 da CBA ko makamantansu, domin tayinsu ya fi jure zaman faranti. Akwai nau'o'in da tayinsu ke tsayawa a tantani biyu idan aka raine shi a waje, kuma ka ga wannan shi ne daidai matakin da kake son dubawa, to ina amfanin ka auna tayin da ya riga ya galabaita?

Za ka yi wa macen allurar PMSG, sinadarin da ke sa ƙwai su nuna da yawa, ma'auni 5 na IU, a cikin ciki. Bayan awa 46 zuwa 48 ka bi ta da hCG, mai sa ƙwan su fita, shi ma 5, nan take ka saka ta a kejin namiji, mace ɗaya namiji ɗaya. Washegari da safe ka duba al'aurarta, idan ka ga farin toshi mai tauri to an yi barbara. Daga lokacin allurar hCG ake ƙirga komai. Wajen awa 12 ƙwai ke fita. Awa 20 kana da tayi mai tantani ɗaya. Wajen awa 32 ya rabu biyu, farkon matakin ke nan. Awa 46 zuwa 48 ƙarshen matakin tantani biyu, lokacin da kundin tayin yake buɗe baki sosai. Wajen awa 56 tantani huɗu, wajen 68 takwas.

Ga abin da littafi ba zai gaya maka ba. Idan ka yi allurar farko ran Litinin da ƙarfe ɗaya na rana, hCG zai faɗo Laraba, awa 48 kuma za ta faɗo ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, kana tsakanin masallaci da faranti. Ni ran Lahadi nake farawa: hCG Talata da ƙarfe ɗaya, tantani ɗaya Laraba tara na safe, farkon tantani biyu Laraba tara na dare, ƙarshensa Alhamis da azahar. Daren Laraba dai ba makawa a ɗakin bincike za ka yi isha'i.

Ɗauko tayin

A awa 20, ka yanko bututun ƙwai ka sa a ɗigon ruwan M2 mai ɗumi. Za ka ga wani wuri ya kumbura yana sheƙi, ka tsaga shi da bakin allura, tayin zai zubo a dunƙule cikin gajimaren ƙananan tantanin uwa. Ɗan enzayim hayaluronides na minti ɗaya ko biyu zai warware su. A nan ka nutsu. Kowane tantanin uwa da ya maƙale a jikin tayi yana ɗauke da cikakken kundin DNA, da nasa RNA, kuma zai shiga lissafinka ba tare da ka sani ba. Ka wanke tayin a ɗigo bayan ɗigo har sai ka ga ɓawonsa tas. Faɗin tayin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, da siririn fifet na gilashi ake ɗaukarsa, kuma sai hannu ya yi makonni kafin ya saba. Ka yi atisaye da ƙwan da ba a buƙata kafin ranar aiki.

Daga nan ka mayar da su ɗigon KSOM, ruwan rainon tayi, ƙarƙashin mai, a na'urar ɗumi mai zafi 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Ka shirya farantin tun daren jiya don ruwan ya daidaita. Duk tayin da ba ka ga cibiyoyi biyu a cikinsa ba, ta uwa da ta uba, ka ware shi. Ƙwan da maniyyi bai shiga ba yakan farfashe ya yi kama da mai tantani biyu, ya yaudari sabon ido.

Tayin faranti yakan ɗan yi jinkiri a kan na cikin uwa. Saboda haka kada ka gwama su a gwaji ɗaya: ko duka daga faranti, ko duka ka wanko su daga bututu a awar da kake so.

Shaidu uku

Nan ne zuciyar aikin. Duk alamar da ka gani, sai ta amsa tambaya uku kafin ka yarda da ita. RNA ce ko DNA? Tayin ne ya ƙera ta ko gado ce daga ƙwan uwa? Daga wane zare aka kwafo ta?

Tambayar farko ta fi kowacce haɗari a wannan fanni. Ƙwayar gado ta yau da kullum kwafi biyu gare ta a tantani, don haka ɗan ɓurɓushin DNA da ya rage a kwalba ba ya damun kowa. Babban satalait kuwa kwafinsa dubun dubata ne a kuromosom guda, ɓera kuma yana da kuromosom 40. Ƙurar DNA da ba ta isa a kula da ita ba za ta ba ka sakamako mai kyan gani a na'urar PCR, wadda ke ninka kwafin DNA zagaye bayan zagaye. Don haka bayan ka fasa tayin ka zuba enzayim DNase mai cinye DNA, ka ba shi lokacinsa cikakke. Sannan ka raba samfurin biyu: rabi ka sa masa enzayim mai mayar da RNA zuwa DNA, rabi ka hana shi. Wannan na biyun shi ne shaidarka. Kowane zagaye na PCR ninki biyu ne, tazarar zagaye biyar kuwa ninki 32. Ƙa'idata ita ce idan tazarar da ke tsakanin rabin farko da shaidar ba ta kai zagaye biyar ba, na zubar na sake.

Tambaya ta biyu da guba ake amsa ta. Ƙwai yana zuwa da rumbun RNA da uwa ta tara masa, cikinsa har da na maimaitattun sassa. Tun 2004 Anne Peaston da Barbara Knowles a Cibiyar Jackson ta Amurka suka nuna cewa dangin da ake kira MT sun cika ƙwan ɓera maƙil. To ta yaya za ka bambance gado da abin da tayi ya nema da kansa? Ka ware rukuni ɗaya tun suna tantani ɗaya ka raine su cikin alfa-amanitin, gubar wani naman kaza mai kisa, wadda ke tare enzayim ɗin da ke kwafar yawancin ƙwayoyin gado. Da yawa suna amfani da maikirogiram 24 a kowace mililita. Abin mamaki, tayin zai rabu biyu duk da haka, da guzurin uwa, sannan ya tsaya. Duk RNA da ta ɓace a wannan rukuni alhali tana nan a ɗayan, tayin ne ya ƙera ta. Ka sa safar hannu biyu, ka auna gubar a inda aka tanada, hanta take lalatawa.

Tambaya ta uku ta fi shafar satalait. Ana kwafarsa ta zaren gaba, ana kuma kwafarsa ta zaren baya, kuma ba halinsu ɗaya ba. Na gaba ya fi fitowa daga kuromosom ɗin uba. Aikin da ya biyo baya daga ɗakin Almouzni a 2013 ya nuna na baya ne dunƙulewar ta dogara a kansa. Idan ka yi amfani da firaima (guntun zaren da kwafa ke farawa daga kansa) na barkatai wajen mayar da RNA zuwa DNA, ka haɗe su wuri guda, labarin ya ɓace. Ka yi kwalba biyu, kowacce da firaimar zarenta.

Akwai kuma maganar ma'auni. An saba a auna komai da ƙwayoyin gado irin su Gapdh ko Actb, bisa zaton ba sa canjawa. A tayi suna canjawa ƙwarai, domin rumbun uwa rushewa yake yi a daidai waɗannan awoyi. Abin da nake yi shi ne in ƙirga tayi daidai wa daida a kowace kwalba, goma ko ashirin, in zuba musu adadi sananne na wata baƙuwar RNA, kamar ta lusifares, kafin in fasa su, in auna komai da ita. In kuma haɗa da ƙwayar gadon Zscan4, wadda ke tashi a ƙarshen matakin tantani biyu. Idan ba ta tashi ba, agogona ne ya kuskure ko tayin ba su da lafiya. Ka maimaita gwajin sau uku a ranaku daban da ɓeraye daban. Kwalba uku daga uwa ɗaya gwaji ɗaya ne.

Gani da ido

PCR zai gaya maka nawa, amma ba zai gaya maka a ina ba. Don wannan sai hanyar da ake kira FISH ta RNA, inda ake aika ɗan guntun zare mai ƙyalli ya nemo abokinsa a cikin cibiya. Ka narkar da ɓawon tayin da ruwan Tyrode mai tsami, kana kallo, da ya ɓace ka tsamo su, daƙiƙoƙi ne kawai. Ka daskarar da su a farafomaldihaid kashi 4 cikin 100, ka huda fatarsu da Triton X-100, kuma duk ruwan da za ka taɓa ya zama akwai maganin hana RNase, enzayim mai cinye RNA, a ciki. Muhimmin abu shi ne ba a dafa samfurin. Zafi ne ke raba zaren DNA biyu, kai kuma so kake su zauna a rufe don mai ƙyallin ya kama RNA kaɗai.

A nan na taɓa yin asarar wata uku. Na samu hotuna masu kyau, ɗigo kore shar a gefen kowace ƙwallon cibiya, har na fara rubutu. Da na zo yin shaidar da ya kamata in fara da ita, wato in zuba wa wasu tayin RNase kafin mai ƙyallin, sai ga hasken nan daram. Ashe zafin akwatin da nake kwantar da samfurin ya haura abin da ke rubuce a jikinsa, satalait kuma da yake A da T ne suka yi masa yawa, bai da wuyar buɗewa. DNA nake ta ɗauka hoto. Ɓerayen da suka tafi a wannan aiki har yau suna damuna. Tun daga lokacin, rukunin RNase yana kan gilashi ɗaya da sauran tun ranar farko, kuma akwai ma'aunin zafi na biyu a cikin akwatin.

Idan kana son sanin aikin da RNA ɗin ke yi, sai ka tare ta ka ga abin da zai faru, ta hanyar yi wa tayi mai tantani ɗaya allurar guntun zaren da ke sa a lalata ta, tare da wani rukuni da aka yi wa allurar zaren da ba ya kama komai. Wannan sai an samu na'urar allura da hannun da ya ƙware. Amma ka san inda fannin ya kai kafin ka shiga. A 2017 ɗakin Maria-Elena Torres-Padilla ya nuna cewa hana LINE-1 tashi da kuma hana shi sauka duk suna cutar da tayin. A 2018 Michelle Percharde da Miguel Ramalho-Santos suka nuna RNA ta LINE-1 tana taimakawa wajen rufe Dux, wato mabuɗin da ɗakunan bincike uku suka gano a 2017 cewa yana kunna MERVL. Daga baya aka cire Dux gaba ɗaya daga ɓeraye, sai ga wasu an haife su sun rayu. Ni wannan ya koya mini in rage saurin cewa abu kaza shi ne mabuɗi. A 2023 kuma aka nuna dangin ƙwayoyin gado na OBOX suna da babban hannu a farkawar kundin, wani aikin na shekarar ya nuna tayin da aka hana shi kwafar MERVL ba ya kai labari.

Idan ba ka da ɓera

Na san da yawa daga masu karanta wannan suna Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda na'urar ɗumi mai buƙatar wuta dare da rana ba ƙaramin abu ba ce. Kada wannan ya tsayar da kai. Rabin aikin a kwamfuta ake yin sa, kuma bayanan kyauta ne. A rumbun GEO na intanet ka nemi lamba GSE45719, aikin ɗakin Rickard Sandberg na Cibiyar Karolinska a Suwidin da aka buga a 2014. Sun karanta RNA ta tantani ɗai-ɗai tun daga tayi mai tantani ɗaya har zuwa matakin da yake shirin maƙalewa a mahaifa, kuma sun raba matakin tantani biyu kashi uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Idan kwamfutarka ƙarama ce, dandalin Galaxy zai ɗauke maka nauyin lissafin, domin jera karatu a kan kundin ɓera yana cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai.

Tarkon da ke nan shi ne wannan. Na'urar karatu tana ba ka guntaye gajeru, manhaja kuma ta nemo wa kowane guntu mazauninsa a kundin. Guntun da ya fito daga MERVL zai dace da wuri ɗari. Manhajar STAR, idan ba ka taɓa saitinta ba, tana watsi da duk guntun da ya dace da wuri fiye da 10, manhajojin ƙirga da aka saba da su kuma suna tsallake duk wanda ya dace da fiye da ɗaya. Ka ga an zubar da abin da ka zo nema tun kafin ka gan shi. Ka ɗaga iyakar zuwa 100, sannan ka ƙirga da TEtranscripts, wadda ɗakin Molly Hammell ya fitar a 2015, mai raba irin waɗannan guntaye tsakanin wuraren da suka dace ta tara su da sunan iyali. A jerin sunayen maimaitattun sassa na RepeatMasker, jikin MERVL sunansa MERVL-int, kan MERVL kuma MT2_Mm, babban satalait kuma GSAT_MM.

Ka riƙe iyakokin abin da wannan zai iya faɗa maka. Zai ce iyalin ya tashi, amma ba zai nuna maka wane kwafi ne a wane kuromosom ba, musamman ga ƙananan iyalai da ba su daɗe da yaɗuwa ba, waɗanda kwafinsu bai bambanta ba tukuna. Guntun LINE-1 da ka ƙirga zai yiwu ba shi ne ya farka ba, yana kwance ne a tsakiyar wata ƙwayar gado da ake karantawa aka bi ta kansa, kuma a tayi mai tantani ɗaya irin wannan karatun barkatai ya yi yawa. Game da satalait kuwa kada ka dogara da waɗannan bayanai: hanyar da aka bi tana kamo RNA mai jelar A ne, ba ta riƙe bayanin zare, kuma taswirar kundin ɓera da aka saba amfani da ita tana da giɓi a daidai ƙugun kuromosom.

Fara da MERVL da MT. Ka zana su a jere bisa mataki. MT ya kamata ya fara da yawa ya riƙa sauka, don guzurin uwa ne. MERVL-int da MT2_Mm su fara ƙasa, su yi tsalle a matakin tantani biyu tare da Zscan4, sannan su gangaro daga tantani huɗu zuwa takwas. Idan zanenka ya fito a shimfiɗe, koma ka buɗe rahoton da STAR ta rubuta, ka duba layin da ke nuna yawan guntayen da aka zubar saboda sun dace da wurare da yawa.